Rabon gado da kwamfuta mai kawo hujja

Yau bayan La'asar na zauna wajen rabon gadon wani maƙwabcinmu a nan Maraɗi, Allah ya jiƙansa. Malam bai taɓa lissafi ba sai da ya gama tambayoyi: ya bar ɗa namiji? Mahaifiyarsa na raye? Mata nawa? Ya ware wa matar tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, uwa sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Sai ƙanen mamacin ya ce, "Allah gafarta Malam, ni fa?" Malam ya dube shi cikin natsuwa ya ce tunda akwai ɗa namiji, ɗan ya tare shi, ba shi da rabo, sannan ya warware masa dalilin daki-daki har mutumin ya gyaɗa kai.

Na ji daɗi ƙwarai, domin abin da nake bincike a kai ke nan: yadda za a zuba ilimin masani cikin kwamfuta a matsayin ƙa'idoji, in kaza ya tabbata to kaza ne hukunci, ita kuma ta bi su har ta kai ga amsa. Tun shekarun 1970 aka gina wata manhaja irin wannan mai suna MYCIN a Jami'ar Stanford ta Amurka, da ƙa'idoji kusan 600 kan cututtukan da ƙwayoyin cuta ke haddasawa a jini, kuma in likita ya tambaye ta dalili tana nuna ƙa'idar da ta bi. Wannan ne ya fi jan hankalina, fiye da saurin lissafi. Manhajar da za ta ce wa mutum ba shi da rabo, dole ta iya faɗa masa dalili da Hausar da zai gane.