Daga Haro Zuwa Bordo: Kalmomin Masu Noman Inabi

A ƙarshen Satumba na sauka Haro, wani ƙaramin gari a yankin Rioja na arewacin Sifaniya, kusa da kogin Ebro. Kaka ce ta inabi, wadda suke kira vendimia. Taraktoci na ta wucewa shaƙe da kaya, ruwan da ke ɗiga ya sa titi danƙo har takalmina na mannewa.

Ni ba na shan giya, saboda haka mosto na nema, wato ruwan inabi da aka matse bai kai ga tsimuwa ba, mai sanyi da zaƙi. Sha'awar noma ce ta kai ni, amma kalmominsu ne suka tsayar da ni.

A wata bodega, gidan da ake haɗa giyar a adana ta, wani dattijo ya gangara da ni ƙarƙashin ƙasa. Gangunan katako jere cikin duhu, kowace lita 225, sunanta barrica. Ya shafa ɗaya kamar mai shafa bayan saniya, ya ce crianza. Kalmar nan ma'anarta raino, irin wanda ake yi wa yaro. Jar giya ba ta samun sunan sai ta shekara 2, aƙalla ɗaya a ganga. Reserva shekara 3, gran reserva 5. Inabin kansa tempranillo ne, daga temprano, da wuri, don yana riga sauran nuna. Nan take gero ya faɗo mini a rai, shi da ke riga dawa shiga rumbu.

Da na tsallaka Bordo a Faransa, sai na tarar suna kiran wannan rainon élevage, kalmar da suke amfani da ita wa kiwon dabbobi. Château kuma, duk da asalinta fada ce, a can gona ce da gidanta, ko da gidan bai fi na talaka ba.

Wadda ta fi kama ni ita ce terroir: ƙasa, gangare, rana da ruwan wuri, duk abin da ke sa amfanin gona ɗanɗanon inda ya fito. A gabar hagu ta kogin da ya ratsa Bordo tsakuwa ce, a Saint-Émilion kuwa, wani ƙaramin gari gabas da Bordo, laka da farin dutse. Na duƙa na ɗebi tsakuwar, da ɗuminta a tafina, ina tuna yadda kakana ke bambanta dawar fadama da ta jigawa tun daga lomar farko ta tuwo.