Abin da zan bar wa wanda zai gaji teburin gwaji

A wannan makon nake miƙa makullin ɗakin gwajin wasannin kwamfuta. Babu wanda ya nemi in rubuta takardar miƙa aiki, don haka na ga gara in ajiye ta a nan, inda wanda zai hau kujerar zai gani ko ba a tura masa ba. Cike fom ɗin rahoto da jera matsaloli bisa girmansu, ɗan'uwa, za ka koya cikin kwana uku. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wata magana da za ka riƙa ji daga bakin manya duk lokacin da ranar fitar da wasa ta matso: "Ai Steam sun riga sun amince." Ranar da ka yarda wannan maganar ta tsaya a madadin gwajinka, ka sa hannu a kan abin da ba ka gani ba.

Fara da sanin abin da amincewar take nufi. Steam kasuwar intanet ce ta kamfanin Valve, inda ake sayar da wasannin kwamfuta. Tun watan Yunin 2017 da kamfanin Valve ya rufe Greenlight, inda masu wasa ke zaɓen abin da zai shiga kasuwa, ya buɗe Steam Direct, hanyar shiga ta zama ta kuɗi da takarda. Ana biyan dala 100 a kan kowane wasa, a cike bayanan banki da haraji, a jira wasu makonni bayan biyan, shafin tallan wasan kuma ya yi aƙalla mako biyu a buɗe kafin a fara sayarwa. Idan wasan ya kawo cinikin dala 1,000 sai a mayar da kuɗin. A tsakanin nan ma'aikatansu suna duba abu biyu cikin 'yan kwanaki: shafin talla, da wasan kansa. Suna son su ga wasan ya tashi a irin kwamfutar da aka ce, kuma abin da aka lissafa a shafi yana nan. Ko yana da daɗi, ko mataki na bakwai yana ƙarewa, ko ajiyar mai wasa tana ɓacewa bayan awa shida, wannan ba su ɗauki alkawarinsa ba. A 2018 ma suka faɗa a fili cewa za su bar kusan komai ya shiga in ba haramtacce ba ne ko na tsokana zalla. A 2024 wasanni sama da 18,000 suka fito a Steam, kusan hamsin ke nan a kowace rana. Mai gadin ƙofar da mutum hamsin ke wucewa ta gabansa kullum, katin shaida kawai yake dubawa.

Yanzu ga kuskuren da ya fi kowanne ciwo a wannan aikin, kuma duk wanda ya daɗe a teburin ya san shi: gwada wasan da asusun kamfani.

Ga yadda abin yake. A Steam fayilolin wasa suna zama ne cikin rumbuna. Za a iya samun rumbu na Windows, rumbu na Linux, rumbu na sauti, rumbu na wani harshe. Abin da mutum ke saye a shafi wani ƙunshi ne da aka ce masa ya ɗauko rumbu kaza da kaza. Asusun masu ƙera wasan yana da nasa ƙunshin na musamman, daban da wanda ake sayarwa. Idan mai shirye-shirye ya ƙirƙiri sabon rumbu mako guda kafin fitarwa, ya sa shi a ƙunshin kamfani, ya manta da ƙunshin kasuwa, kai da ke gwadawa da asusun ofis ba za ka ga komai ba. Wasan zai sauka, ya tashi, ya yi kyau. Mai saye kuwa zai danna saukewa ya samu babban fayil babu sauti, ko ma fanko, kwamfutarsa ta ce masa ba ta ga abin kunnawa ba. Gyaran bai fi minti biyar ba. Sai dai kafin wani ya lura, mutanen da suka fi ɗokin wasan, waɗanda suka saya a awar farko, sun riga sun rubuta sharhi. Steam yana fara nuna makin wasa ne da zarar sharhin masu saye ya kai goma, kuma idan bakwai daga cikin goman nan sun ce wasan ba ya tashi, jan rubutu mai nuna mummunan maki zai zauna a shafin. Mutum kaɗan ne ke dawowa ya canja sharhinsa don an gyara. Tun 2015 kuma mai saye yana da damar karɓar kuɗinsa cikin kwana 14 in bai buga awa biyu ba, wanda wasansa bai tashi ba kuwa ko minti ɗaya bai ci ba.

Ƙanen wannan kuskuren shi ne "ɗan ƙaramin gyara" na daren fitarwa. Bugun wasan, wato kwafin fayilolinsa, da aka duba aka amince da shi ba lallai ne ya zama wanda ake sayarwa ba, domin bayan amincewar farko kamfani yana iya ɗora sabon bugu ya sake shi ga jama'a ba tare da an sake dubawa ba. Wani ya canja sunan fayil ɗin kunnawa, saitin tashi yana nan yana neman tsohon suna. Wani ya ɗora bugun da ke cike da maɓallan gwaji, mai wasa ya danna F1 ya tsallake rabin labarin. Wannan ƙofar ce ma ɓarayi suka gano: a 2023 aka kutsa asusun wasu masu ƙera wasanni aka ɗora manhaja mai cutarwa a matsayin sabuntawa, har Valve ya ƙara sharaɗin lambar tabbatarwa ta waya kafin a canja bugun da jama'a ke samu. A Fabrairun 2025 aka cire wani wasa mai suna PirateFi saboda yana ɗauke da manhajar satar bayanai.

Maganin ba shi da wuya, bin sa ne ke jawo faɗa. Kowane bugu yana da lamba. Rubuta lambar a takardar sa hannu, da rana, da lokaci. Ka nemi a daina taɓa wasan kwana uku kafin fitarwa. Ka buɗe asusun Steam na talaka, wanda ba shi da alaƙa da kamfani, ka kunna wasan da lambar kunnawa (lambar da ke ba asusu wasa ba tare da ya saya a shafi ba) da aka ciro daga ƙunshi mai rumbuna iri ɗaya da na kasuwa, ka buɗe shafin saiti ka gwada jerin rumbunan ƙunshin biyu layi-layi da idonka. Minti goma bayan an saki wasan, ka saye shi da kuɗi kamar kowa, ka sauke, ka kunna. Idan lambar bugun ta canja bayan ka sa hannu, sa hannunka ya mutu, ka faɗa a rubuce. Za a ce maka ba lokaci, za a ce layi ɗaya kawai aka taɓa. Ka ce to, a turo maka saƙo cewa an saki bugu kaza ba tare da gwaji ba, da sunan wanda ya ba da umarni. Ba don rashin kunya ba. Washegarin ranar da abu ya lalace, wanda ya ce a saki ba ya cikin taron, takardar da ke kan tebur mai ɗauke da sunanka ce, sai a bar jaki ana dukan taiki. Da wuya ka ga shugaban da ya yarda ya rubuta wannan saƙon. Yawanci sai kwana ɗayan da aka ce babu ya samu.

Kwamfutar gwajin ma kada ta zama ta ofis. Na'urar mai shirye-shirye cike take da kayan da wasan ke jingina da su, irin su Visual C++ da DirectX, don haka ba za ta taɓa nuna maka an manta a haɗa su ba. Ka ajiye guda ɗaya da za ka riƙa goge ta kana sa sabon Windows, asusun Windows na talaka marar ikon admin, ƙwaƙwalwa gigabait 8, katin hoton da ya zo haɗe da kwamfutar, ba na daban ba, allo 1366 da 768. A kanta ka yi waɗannan, ko da sun yi kama da wasa da hankali. Sa sunan mai kwamfuta da harafi mai ƙugiya, kamar Ɗanlami ko Ƙasimu; wasanni da yawa suna kasa rubuta ajiya idan hanyar fayil ta ƙunshi harafin da ba na Turanci ba. Mayar da yankin Windows zuwa Faransanci, irin wanda za ka tarar a kwamfutocin Yamai ko Damagaram: a can waƙafi ne ke raba lamba, 0,5 a maimakon 0.5, kuma wasan da aka rubuta da Unity, injin ƙera wasanni, ba tare da kula da wannan ba zai iya karanta saitinsa ba daidai ba, ko ya tsaya cak. Allon rubutunsu ma ba a jere yake kamar namu ba, W da A suna wani wuri. Cire intanet ka kunna. Zare wuta daidai lokacin da yake ajiya, ka ga ko fayil ɗin ya tsira. Wasan kirki yana rubuta sabuwar ajiya a gefe ne, sai ta kammala ya maye gurbin tsohuwar. Gwada shi a allo mai nuna hoto 144 a daƙiƙa, don in an ɗaure motsi da yawan hotunan da ke fita a daƙiƙa, jarumin zai riƙa gudu kamar an koro shi.

Sai kuma wasannin kwashi-kwaraf, waɗanda za a riƙa turo maka a ce ka duba ko kamfani zai ɗauki nauyin fitar da su. Akwai masu sayen kayan da aka riga aka ƙera a kasuwar Unity ko ta Unreal, gari da bindiga da dodanni har da tsarin wasan gaba ɗaya, su canja suna da hoton kwali su kawo. Sayen kaya ba laifi ba ne, manyan wasanni ma suna sayen bishiyoyi da duwatsu. Tambayar ita ce me mutumin ya ƙara. Minti ashirin sun isa. Leƙa inda wasan ke ajiya: in ka ga babban fayil mai suna DefaultCompany, ko sunan kamfaninsa bai iya cikewa a Unity ba. Dubi tambarin fayil ɗin kunnawa, ko har yanzu na injin ne. Ɗauki hoton mataki na farko ka nema a intanet, sau da yawa za ka tarar da shi a shafin wanda ya sayar da kayan, a matsayin samfuri. Dubi ko mutanen wasan da gine-ginensa sun fito daga hannu ɗaya, ko kuwa soja mai kama da hoto na gaske ne ke yawo cikin daji irin na zanen yara.

Kada ka yi mamakin yadda irin wannan ke kawo kuɗi. Wani lokaci ba daga masu wasa kuɗin ke zuwa ba. Bayan an ƙirƙiro katunan musaya a 2013, wato katunan da Steam ke ba mai wasa yayin da yake bugawa, wasu suka gano cewa za su iya ciro dubban lambobin kunnawa kyauta, su raba wa asusun bogi, su bar wasan a kunne katuna suna faɗowa, a sayar a kasuwar Steam. Kati na santi uku na dala, wanda ya ƙera wasan yana da santi ɗaya. A ninka da dubbai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2017 Valve ya hana katuna faɗowa har sai wasa ya nuna mutane na gaske suna buga shi, kuma a Satumbar shekarar ya cire wasanni 173 masu alaƙa da Silicon Echo Studios a lokaci guda. Kafin nan, a 2016, an kori kamfanin Digital Homicide daga Steam bayan sun kai masu amfani da Steam su ɗari kotu saboda suka. Duk lokacin da aka toshe rami ɗaya sai a haƙa wani: daga katuna aka koma wasanni masu lambobin yabo dubu-dubu, irin da ake ba mai wasa in ya cim ma wani abu a ciki, har aka ƙayyade ɗari ga sabon wasa. Idan aka kawo maka wasa, mai shi yana ta maganar katuna da lambobin kunnawa bai ce komai kan yadda ake buga shi ba, ka san abin da ya zo sayarwa.

Sauran a taƙaice. Awa biyun farko ka buga su da agogo a hannu, domin a cikinsu mai saye ke yanke shawara. Kowane layi a shafin talla ka ɗauke shi alkawari, ka nemo shi cikin wasan. Wasannin The War Z a 2012 da The Day Before a 2023 duk a nan suka faɗi, na biyun kwana huɗu bayan fitowa kamfanin ya rufe. Hotunan shafi su zama na cikin wasan. In an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen zane ko murya, tun 2024 dole a bayyana a fom, kada ka bari a ce "ba wanda zai gane". Sharhin da aka rubuta da lambar kyauta ba ya shiga maki tun 2016, don haka duk mai ba da shawarar a raba wa abokai su yaba, ɓata lokacinsa yake. Matsalar da ba ka iya maimaitawa ba, rubuta ta duk da haka, da bidiyo.

Kwamfutar da ake gogewa tana ƙarƙashin teburin da ke kusa da taga, filashin Windows yana manne a gefenta da salatif. Asusun talakan da kuɗina na buɗe shi, don haka na tafi da shi. Ka buɗe naka tun kafin a sa ranar fitar da wasa na gaba.