Direbar da ta ɗauke ni a Warso

Yau da safe a Warso, babban birnin Poland, wata 'yar Yukren ce ta ɗauke ni a tasi. Da na ce a birninsu na Kharkiv na yi karatu kafin yaƙin 2022 ya watsa mu, sai ta rage rediyo. Ashe injiniya ce, shekara ashirin tana zana injinan tashar lantarki. Mijinta yana can Yukren, dokar lokacin yaƙi ta hana shi fita daga ƙasar. Ta ce kuɗin tuƙin nan ya fi albashinta na da, da shi take riƙe gida biyu.

Muna tsaye a danja ta kasa kunne, ta ce bel ɗin injin motar ya fara saki. Ni kuwa ban ji komai ba. Har yanzu ina mamakin irin wannan kunne a ce a tasi ya ƙare.