Ba a tone ciwo a zaman farko

Kuskuren da aka fi yi wa wanda ya ga masifa, hatsari ne, fyaɗe, yaƙi ko dukan ƙuruciya, shi ne a zaunar da shi a ce, "Faɗa mini komai daga farko." Da kyakkyawar niyya ake yi, amma sau da yawa mutum yakan fita hankalinsa ya fi tashi, ya kwana yana mafarkin abin, mako mai zuwa a neme shi a rasa. Dalilin bai da wuyar ganewa. Masifa ƙwace iko take yi. Wanda aka yi wa abu ba da son ransa ba, in aka matsa masa ya yi magana, jikinsa yakan ɗauka an sake fin ƙarfinsa ne.

A 1992 Judith Herman, likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, ta raba jinyar ciwon da masifa ke bari a zuciya gida uku: samun aminci da natsuwa, tunawa da jimamin abin da ya faru, sannan komawa cikin jama'a. Matakin farko yana iya cin makonni, wani lokaci watanni, kuma shi ne ake yawan tsallakewa.

Zama yakan ɗauki kamar minti 50. A na farko ƙwararren mai ba da shawara ya bayyana abin da zai riƙe a asirce da inda sirrin ya tsaya, misali in ran wani yana cikin haɗari ko ana cutar da yaro. Gara mutum ya san wannan tun bai buɗe baki ba. A bar shi ya zaɓi wurin zama. Da yawa sun fi son inda suke ganin ƙofa. A yi yarjejeniya kan alamar tsayawa, ko da ɗaga hannu ne, kuma in ya ɗaga a tsaya nan take, ba tare da "bari mu ƙarasa" ba. Abin da ake son cimmawa shi zai faɗa da bakinsa. "Ina so in yi barci ba tare da fitila ba" ya fi duk wani dogon suna na likitanci amfani, domin ana iya auna shi.

Ana amfani da ma'auni daga 0 zuwa 10 don jin yadda damuwar take. In ta haura 7, a sassauta. A ce ya taka ƙasa da ƙafafunsa sosai, ya ambaci abubuwa biyar da yake gani, huɗu da yake taɓawa, uku da yake ji da kunne. Kada a ce dole ya rufe ido, don wasu suna rufewa abin yake dawo musu. A kuma lura da wanda ya yi tsit, idonsa ya kafe, muryarsa ta mutu. Sabon ma'aikaci sai ya zaci natsuwa ce, alhali hankalin ne ya bar ɗakin don ya kare kansa. Minti goma na ƙarshe ba a buɗe sabuwar magana, na dawo da mutum cikin hayyacinsa ne kafin ya fita.

Sai dai kuma a guji maƙalewa a nan. Kauce wa tunanin abin yana daga cikin abin da ke riƙe ciwon, saboda haka in natsuwa ta samu sai a shiga aikin tunawa, da hanyoyin da aka gwada kamar CBT (gyara tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa) mai fuskantar masifar ko EMDR (tuna abin yayin da ake motsa idanu hagu da dama). Ga abin da ya faru sau ɗaya, zama 8 zuwa 12 yakan isa. Wanda ya yi shekara da shekaru cikin cutarwa yana bukatar fiye da haka.

Ma'aurata sai da ƙarin hattara. Kafin a ci gaba da haɗa su, a gana da kowanne shi kaɗai, a tambaye shi kai tsaye ko akwai duka, barazana ko tsoro. Wadda ake duka ba za ta faɗi gaskiya a gaban mai dukanta ba, in ma ta faɗa tana iya ɗanɗana kuɗarta a gida. Inda aka samu haka, ba a yin zaman haɗin gwiwa, tsaron lafiyarta ne a gaba. Inda babu, ana koya musu gane lokacin da jiki ya ɗau zafi: zuciya na bugawa da sauri, kunne ya daina ji. A ɗau hutun aƙalla minti 20, tare da faɗin lokacin dawowa. Wanda aka taɓa watsarwa, in aka fice masa ba a ce komai ba, sabon ciwo aka buɗe masa.

A zaman iyali, yaro ba lallai ya faɗa da baki ba. Fitsarin kwance bayan ya daina, manne wa uwa, faɗa a makaranta, duk magana ce. Kada a sa shi ya maimaita labarin a gaban kowa. Yawancin aikin, da iyaye ake yin sa: lokacin barci guda kowane dare, amsa ta gaskiya daidai shekarunsa, da gaya masa ƙarara cewa abin da ya faru ba laifinsa ba ne.