Lambar 2,147,483,647 da Rukunonin da Take Ciki

Idan aka jera lamba biyu sau 31 aka ninka su da juna, sannan aka cire ɗaya, abin da zai fito shi ne 2,147,483,647, wato biliyan biyu da miliyan 147 da dubu 483 da 647. Mara ce, tun da da bakwai ta ƙare, amma abin da ya ɗaga darajarta shi ne babu lambar da ke raba ta ba tare da saura ba, sai ɗaya da ita kanta. Lambobi marasa rabuwa da ake samu ta wannan hanya ana jingina su ga Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa da ya sa ta cikin jerinsa a 1644, kuma ita ce ta takwas a wannan dangi.

Mersenne hasashe ya yi, Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Switzerland, shi ne ya kawo hujja a 1772, cikin wasiƙar da ya aika wa takwaransa Daniel Bernoulli. A ganina yadda ya yi aikin ya fi sakamakon burgewa. Wanda zai gwada rabawa a jere sai ya bi duk lambobi marasa rabuwa har zuwa 46,340, domin kowace lamba mai rabuwa tana da mai raba ta wanda in an ninka shi da kansa ba zai wuce ta ba. Euler bai ɗauki wannan wahala ba. Ya nuna cewa duk lamba marar rabuwa da za ta iya raba ta dole ta bar saura 1 ko 63 idan aka raba ta da 248, sai dubban gwaje-gwaje suka koma 84 kacal, kuma babu wanda ya raba ta. Daga nan ta riƙe kambun lamba marar rabuwa mafi girma da aka sani har zuwa 1867.

Ita 31 ɗin ma 'yar dangin ce, domin 32, wato biyu da aka jera sau 5 aka ninka su da juna, ita aka cire wa ɗaya, kuma lambobi huɗu kaɗai aka sani da suka haɗa wannan siffa ninki biyu. Haka nan idan aka ninka lambar tamu da 1,073,741,824 za a sami 2,305,843,008,139,952,128, kammalalliyar lamba ta takwas, irin wadda jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ke dawo da ita daidai, kamar yadda 1 da 2 da 3 ke ba da 6.

Masu rubuta manhaja kuwa ba don rashin rabuwarta suka san ta ba. Ita ce iyakar abin da gurabe 32 na ma'ajin kwamfuta, masu riƙe 0 ko 1 kowanne, ke ɗauka idan aka ware ɗaya don alamar ƙari ko ragi. Saboda haka na'urorin da har yanzu ke ƙirga daƙiƙoƙi a irin wannan ma'aji tun daga 1 ga Janairu 1970 za su kai maƙura ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, sai lissafinsu ya juya ya koma Disamba 1901.