Masallacin katako a bakin iyakar Belarus

Da hantsi muka bar birnin Białystok, ni da wani abokina da ke karatu a ƙasar Poland. Gabas muka miƙa, daji dama da hagu, itatuwa zara-zara kamar an jera su. Bayan garin Krynki da kaɗan sai ga Kruszyniany: gidajen katako a gefen titi, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Iyakar Belarus na nan kusa, 'yan kilomitoci ne kawai.

Ba don jinjirin watan da ke kan ƙubbobinsa ba, da na rantse coci ne. Ɗan masallaci ne na katako mai koren fenti, fasalinsa irin na tsofaffin cocin yankin. Muka tuɓe takalma. Ciki kashi biyu ne, na maza da na mata, ƙamshin tsohon itace ya cika ko'ina. Na yi nafila raka'a biyu, sanyi na cizon yatsuna.

Mutumin da ya buɗe mana ƙofa ya ba da tarihin, abokina na fassara. Musulmin nan 'yan ƙabilar Tatar ne, jikokin mayaƙan dawakai da suka yi wa sarakunan Poland aikin soja. Da aka riƙe musu albashi, a 1672 wasu suka yi tawaye suka koma wa Turkawa. Daga baya aka sasanta, kuma a 1679 Sarki Jan Sobieski ya biya bashin da filaye, a nan da ƙauyen Bohoniki. Ashe rikicin albashi ba yau ya fara ba! Shekara huɗu bayan haka suka bi sarkin yaƙin Vienna, suna fafatawa da Turkawan nan dai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rubutunsu. Harshen kakanninsu ya ɓace tun tuni, amma littattafan addini sun ci gaba da rubuta su da harshen Poland da na Belarus cikin haruffan Larabci. Na ce wa abokina, "Malam, ai ajami ke nan!" Ya yi dariya.

Muka leƙa maƙabarta cikin itatuwa, inda duwatsu ke ɗauke da Larabci sama, sunan mamaci ƙasa. Muka yi musu addu'a, sannan yunwa ta kai mu ga pierekaczewnik, wani naɗaɗɗen gashin fulawa mai nama a ciki. Yanka biyu na ci, na sa aka ƙunshe mini na uku saboda hanya.