Saƙon Godiya Bayan Jinyar Ɗiyarmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. A madadin kaina da mai ɗakina da dukkan iyalinmu, ina miƙa godiya ga 'yan'uwa da abokan arziki da suka tsaya mana a tsawon kwana 19 da ɗiyarmu ta yi a gadon asibiti, da kuma makonnin da suka biyo baya muna jiran sakamakon gwaji. An sallame ta, tana gida, tana wasanta, sakamakon kuma ya iso. Da yake mutane da yawa sun yi ta tambayar abin da ya same ta, wasu kuma sun ji labarin a karkace, na ga ya dace in haɗa godiyar da bayani a kan abin da aka gano, wato cutar von Gierke, wata cutar gado da ke hana hanta sakin sukari cikin jini.

Tun tana jaririya ba ta jure yunwa. Idan aka ɗan jinkirta ba ta nono sai gumi ya jiƙe ta, jikinta ya saki, ta riƙa numfashi da sauri. Da ta girma kaɗan sai cikinta ya yi tulu, kumatunta suka cika, ƙafafu da hannaye kuma suka tsaya sirara. An ce saifa ce, an ce shawara ce, mun sha sayen maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da gwaji ba, kuma wannan kuskure nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Bayan an yaye ta, ta fara kwana ba ta ci komai ba har safiya, a nan abin ya fito fili. Wata asuba mahaifiyarta ta je tashin ta, ta tarar idanunta sun kafe, tana taune-taune.

Godiyata ta farko bayan ta Ubangiji tana ga maƙwabcina, wanda ya fito da motarsa ko takalmi bai tsaya sakawa ba, sannan ga malamar jinyar da ke bakin aiki a ɗakin kula da yara na gaggawa. Kafin a ce a yanki kati ta soki yatsan yarinyar ta auna sukarin jininta, ta ga ya faɗi ƙasa ƙwarai, nan take aka ɗaura mata ƙarin ruwa mai gulukos, wato irin sukarin da ke cikin jini. Ina tsaye ina kallo, cikin 'yan mintoci ta buɗe ido ta kira mamanta. Ban san sunan baiwar Allahn nan ba sai daga baya, kuma ba zan ambace shi a nan ba, amma addu'armu tana tare da ita.

Likitar yaran da ta karɓi jinyar ita ce ta ƙi yarda a tsaya a kan zazzaɓi. Ta lura cewa hantar ta kumbura sosai alhali saifar lafiyarta ƙalau, sukari yana faɗuwa duk lokacin da aka yi awa uku zuwa huɗu ba a ci abinci ba, gwajin jini kuma ya nuna kitse da sinadarin laktet da yurik asid sun hau. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa, da misalin da har yau nake maimaita wa masu zuwa dubiya. Ta ce hanta rumbun jiki ce: idan mutum ya ci abinci, takan tara rarar sukari a siffar wani abu da ake kira gilaikojin, idan yunwa ta zo ta fasa ajiyar, ko ta ƙera sabon sukari daga wasu sinadarai, ta sako shi cikin jini. Duk hanyoyin biyu ta ƙofa ɗaya suke fita, mabuɗin ƙofar kuwa wani enzayim ne, wato sinadarin da ke gudanar da wani aiki a jiki, mai suna gulukos-6-fosfatez. Rumbun ɗiyarmu cike yake maƙil, shi ya sa hantar ta kumbura, sai dai babu mabuɗi, don haka jini yake zama ba sukari.

Umarnin ƙera wannan enzayim yana cikin wata ƙwayar gado da ake kira G6PC1, wadda ke kan kuromozom na 17 (kuromozom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), kuma tana aiki musamman a hanta da ƙoda da hanji. Wani likita Bajamushe, Edgar von Gierke, shi ya fara bayyana cutar a 1929, shi ya sa ake kiran ta da sunansa. A 1952 Carl Cori da matarsa Gerty Cori suka gano a Amurka cewa rashin wannan enzayim ne sanadinta, ita kuwa ƙwayar gadon sai a 1993 aka tantance ta. Ana ƙiyasta cewa cutar tana samun kusan jariri ɗaya cikin 100,000, saboda haka ban ga laifin waɗanda suka fara duba yarinyar ba su gane ba. Gwajin da ya tabbatar mana sai da aka aika jininta ƙasar waje, kuɗin kuma ya fi ƙarfina. Yayana da surukina da abokan aikina da 'yan majalisarmu ta unguwa su suka haɗa shi cikin kwana huɗu, wasu ma suka roƙi kada in faɗi abin da suka bayar. Allah Ya mayar muku da ninkinsa.

Akwai maganar da dole in yi a fili, domin mai ɗakina ta sha surutu tana haɗiyewa. An ce nononta ne ba shi da kyau, an ce ta yaye yarinyar da wuri, an ce daga danginsu abin ya fito. Sakamakon ya nuna cewa ɗiyarmu ta gaji kwafi biyu masu tangarɗa na wannan ƙwayar gado, ɗaya daga wurina, ɗaya daga wurin mahaifiyarta. Mai kwafi ɗaya lafiyarsa lau, bai ma san yana ɗauke da shi ba, sai biyun sun haɗu cutar take bayyana, kuma a kowane ciki yiwuwar hakan ɗaya ce cikin huɗu. Aurenmu na zumunci ne, ita 'yar kawuna ce, likitar kuma ba ta ɓoye mana cewa hakan yana ƙara yiwuwar haɗuwar ba. Ba na nadamar aurena ko kaɗan. Matar da ta yi kwana 19 a kan tabarma a gefen gado, tana tashi kowace awa uku, ta cancanci godiya a bainar jama'a, kuma ga ta na yi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne maganin, wato ɗanyen sitacin masara da ake damawa da ruwan sanyi, hanyar da likitoci a Amurka suka wallafa a 1984. Hanji yana narkar da ɗanyen sitaci a hankali, sai ya riƙa sakin gulukos kaɗan-kaɗan na wasu sa'o'i, ya tsaya a madadin aikin da hantar ta kasa. Ranar farko da Hajiya mahaifiyata ta ga ana auna farin gari a kan ɗan sikeli za a ba jikarta, sai ta ce, “Wannan wane irin rashin tausayi ne, ku kawo in dama mata koko.” Sai da malamar abinci ta asibitin ta durƙusa ta ce, “Hajiya, idan ya ji wuta ya tashi daga magani, sukarin zai fita gaba ɗaya ya bar ta.” Yanzu Hajiya ce mai tsaron agogo, ita take tashin mu ƙarfe biyu na dare tun kafin wayar ta yi ƙara. Inna, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Sai dai ina gargaɗi, kada wani ya ga cikin ɗansa ya kumbura ya kama ba shi sitaci, domin likita ne yake yanke adadin gwargwadon nauyin yaro da gwajin jininsa.

Ina kuma gode wa Goggo da ta riƙe mana sauran yara, da limamin masallacinmu da ya sa aka yi ta addu'a, ya kuma kwantar mana da hankali cewa rashin yin azumi ga wanda yunwa take yi wa barazana ga rai sauƙi ne da shari'a ta bayar. Jinyar ba ta ƙare ba, domin za a ci gaba da duba hanta da ƙoda da tsayinta lokaci zuwa lokaci har girmanta.

Roƙona ga masu zuwa dubiya shi ne a daina kawo mata alawa da lemon kwalba da zuma da dabino da rake, haka nan nono da madarar shanu sai abin da likita ta ƙayyade. Sukarin da ke cikin waɗannan, wato furuktos da galaktos, jikinta ba ya iya juya shi ya zama gulukos a jini, sai dai ya ƙara mata laktet da kitse. Idan kun ga mun karɓe wani abu daga hannunta, don Allah kada ku ɗauka raini ne. Wanda yake son ya faranta mata, tana son balan-balan, musamman ja.